Juyin Hoto a Kan Takarda: Nazarin Zane-zanen Rauschenberg Kan Waƙar Dante

Kalmar da ta fi dacewa da fasahar da wannan muƙala ta sa a gaba ita ce "juyi". Bahaushe yakan juye hatsi daga buhu zuwa ƙwarya, yakan juya tabarma, yakan kuma juya magana daga wani harshe zuwa wani. Duk ma'anonin uku sun haɗu a aikin Robert Rauschenberg (1925–2008), mai zane ɗan ƙasar Amurka, wanda daga 1958 zuwa 1960 ya yi zane 34, ɗaya ga kowane babi na kashin farko na doguwar waƙar Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321. Kashin yana ba da labarin ziyarar da mawaƙin ya kai gidan wuta.

Hanyar aikin ba ta da wuya. Yakan yanko hoto daga mujalla, ya jiƙa shi da wani sinadari mai narkar da tawada, kamar man da ake ɗura wa laita. Sai ya kifa hoton a kan farar takarda, ya riƙa dirzar bayansa da biron da tawadarsa ta ƙare. Duk inda bakin biro ya bi, tawadar mujallar takan bar gidanta ta manne a sabuwar takarda. Inda bai bi ba kuwa, wurin yakan zauna fari. Daga baya yakan ƙara fensir da fentin ruwa.

Abin lura shi ne hoton ba ya isowa yadda ya taso. Yakan fito a birkice kamar a madubi, dama ta koma hagu, rubutu ya koma baibai. Launinsa yakan kwaɗe, kuma sawun biro yakan ratsa shi layi-layi, har mutum ya zama kamar ana hango shi ta cikin hazo. Wani zai kira wannan naƙasu. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake, domin mazauna wutar Dante inuwoyi ne marasa jiki, kuma da wuya a sami dabarar da ta fi wannan iya nuna mutumin da yake nan amma kamar ba ya nan.

Akwai kuma ƙaidin girma. Juyi ba ya faɗaɗa hoto, ba ya rage shi, don haka dole mai zanen ya yi ta laluben mujallu har ya dace da surar da ta yi daidai da gurbinta. Da haka ne wani mutum ɗaure da tawul, daga wata talla a mujallar Sports Illustrated, ya zama Dante a zanuka da dama. 'Yan wasa da 'yan siyasar zamanin, ciki har da Kennedy da Nixon, su ma sun sami masauki a wutar. Waƙar ƙarni na 14 ta koma magana da fuskokin Amurkawan 1960, kamar yadda Dante kansa ya cika ta da mutanen garinsa. Masu nazarin fassara za su gane matsalar nan take: me aka riƙe, me aka zubar a hanya?

Mai son gwadawa a yau zai iya amfani da hoton da aka yi fotokwafinsa, da sinadarin asiton, wato irin wanda ake goge jan farce da shi. Sai dai a buɗe tagogi, a kuma nisanci wuta. Idan akwai rubutu a hoton, a buga shi a juye tun farko.

Zanukan 34 suna ajiye a Gidan Adana Zane-zanen Zamani na birnin New York. A 1962 Rauschenberg ya rungumi bugun siliki, wanda ya ba shi damar faɗaɗa hoto a kan ƙyalle gwargwadon son ransa.