'Yata, Yaushe Rabonki da Wanke Burushin Kwalliya?

'Yata, ke da kike wanke fuskarki sau biyar a rana wajen alwala, ga kuma wanka safe da yamma, ba wanda zai ce miki ƙazama. Amma je ki buɗe jakar kwalliyarki ki ɗauko burushin hodar nan, ki ware gashinsa da yatsa ki dubi gindinsa. Lokacin da kika saye shi fari ne ko ruwan toka, da laushi. Yanzu ya koma ruwan ƙasa, gashin ya manne, in kin kai shi hanci za ki ji wani ɗan tsami. Wannan abin ne kike gogawa a fuskar da kika gama wankewa tas.

Ba hana ki kwalliya zan yi ba. Mu ma mun yi a zamaninmu, da tandun kwalli da ɗan madubi, kuma ina jin daɗi in na ga yarinya ta fito fes. Sai dai kayanmu ba su da yawa, naku kuwa sun cika akwati: burushin hoda, na fandeshin, na fatar ido, na gira, ga soson nan mai kama da ƙwai. Kowanne yana taɓa fata, kuma duk taɓawa yana kwaso maiƙon fuska da gumi da mataccen saman fata, ya haɗa da ragowar kwalliyar jiya. Da hunturu ƙura ta sauka a kansa, da bazara gumi ya jiƙa shi, da damina ya ƙi bushewa. Irin wannan wuri ƙwayoyin cuta ke so. Ba za ki tuƙa tuwon yau da muciyar jiya ba tare da kin wanke ta ba, to fuskarki ba ta fi tukunya araha ba.

A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun karɓi kayan kwalliyar da mata ke amfani da su suka auna. Mafi yawansu an same su ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da irin waɗanda ke sa maruru da waɗanda ake samu a bayan gida. Soson fandeshin ne ya fi kowanne, domin ana jiƙa shi a yi aiki da shi, a jefa a jaka da danshinsa, kuma kusan duk masu shi ba su taɓa wanke shi ba. Waccan ƙasar sanyi ce fa. Ki auna da zafin Kano ko Maraɗi a watan Afrilu.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da ke biyo baya. Ƙuraje su feso wa yarinya, sai ta ce hodar ce ba ta karɓe ta ba, ta sake saya, ta shafa sabuwar da tsohon burushi. Ƙurajen su dawo, ta matse su da farce. Fatarmu baƙa kuwa ba ta mantuwa, ƙurji ɗaya sai ya bar tabon da zai yi watanni. Daga nan sai wata ƙawa ta miƙo mata man shafawa haɗin kasuwa wai yana goge tabo, alhali da yawansu na bilicin ne, irin waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Fata ta yi siriri, ta ƙone, ƙurajen su ƙaru. Ba na ce duk ƙurji daga burushi yake ba, akwai na balaga, akwai na lokacin al'ada, akwai wanda sai likitan fata. Amma kafin ki kashe kuɗi, fara da abin da ba ya cin komai sai sabulu da ruwa.

Wankin ba wahala. Ki sami ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Ki riƙe burushin kansa na kallon ƙasa, ki jiƙa gashin kaɗai, kada ruwa ya shiga ƙarfen nan da ke riƙe da shi, domin gam ne a ciki, in ya sha ruwa sai gashin ya fara zuba. Ki ɗiga sabulun wankan jarirai ko wani mai sauƙi a tafin hannunki, ki riƙa juya burushin a hankali. Za ki ga kumfar ta fito ja ko ruwan ƙasa. Ki ɗauraye, ki sake, har sai ruwan ya fito garau. Omo da sinadarin cire datti na wankin kaya ba nasa ba ne, suna busar da gashin, ragowarsu kuma ta ci miki fata. In kin gama ki matse shi da tawul mai tsabta, ki gyara masa baki da yatsa, ki kwantar da shi a bakin tebur, gashin ya leƙo waje ya sha iska. Kada ki tsayar da shi a kofi yana jiƙe, ruwan zai gangara cikin gam ɗin. Ki wanke da dare, kafin safe yawanci ya bushe.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce a riƙa wankewa duk kwana 7 zuwa 10. Ni dai shawarata ki ɗaura shi da wata rana da ba za ki manta ba, kamar daren Alhamis ko ranar da kike wankin kayanki. Soso kuwa duk ranar da kika yi aiki da shi ki wanke, ki bar shi a sarari ya bushe, in ya fara ɗigon baƙi ko wari ki jefar. Maskara ma ba ta wuce wata 3 bayan buɗewa. Ita kanta jakar ki zazzage ta ki goge cikinta.

Saura aro, wanda na san ya fi nauyi a wajenki. Ranar kamu ko ɗaurin aure ɗaki ya cika da ƙawaye, burushi ɗaya ya zagaye fuska goma, jan baki ɗaya, gazal ɗaya. Ta haka ciwon idon nan na afolo ke bin gida gida, haka makero, haka ƙurjin leɓe mai ruwa. Na san kunya ba za ta bar ki ki ce wa aminiyarki a'a ba. To ki ajiye burushi ɗaya na baƙi, wanda za ki miƙa da fara'a ki wanke bayan an dawo miki da shi. Abin ido da na baki kuwa ki ce, "Yi haƙuri ƙawata, wannan ba na haɗawa ko da 'yar uwata ce." Mai hankali ba za ta riƙe ki ba. In idonki na ciwo ki ajiye kwalliyar ido gaba ɗaya har ki warke, gazal da maskarar da kika yi amfani da su lokacin ciwon kuma ki zubar.

In za ki je wajen mai kwalliya, musamman ke amarya, ki tafi da sosonki da burushinki, ko ki tambaye ta cikin ladabi ko ta wanke nata. Kuɗi kika biya, kuma ke za ki kwana da fuskar. Ku ma masu sana'ar, 'ya'yana, amana ce aka ba ku. Ku tanadi burushi da yawa yadda kowace fuska za ta sami wankakke, ku bar ma'abotanku su ga kuna wankewa.

Yau da dare, kafin ki kwanta, ki fito da su duka ki wanke, ki kira ƙanwarki ta tsaya kusa ta ga yadda ake yi. Allah ya yi muku albarka.