Dayamon a Waya, Naira a Aljihu: Shawarwari 9 Ga Gidan da Ake Buga Gem

Duk wanda ya bi ta shagunan cajin waya na Samaru da yamma, ko ya leƙa rumfunan masu gyaran waya na PZ a Sabon Gari, zai tarar da samari sun kwantar da waya a tafin hannu, manyan yatsu biyu na ta aiki. Wasu Free Fire suke bugawa, wasu PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu manyan wayoyi kuma akan ga Genshin Impact a hannunsu. Sauke waɗannan wasanni kyauta ne, amma kowanne da kasuwarsa a ciki, da kuɗinsa na kansa: dayamon a Free Fire, UC a PUBG, CP a Call of Duty, Primogem a Genshin. Babbar hajar wannan kasuwa ita ce gaggawa. Abin da mai haƙuri zai samu cikin sati biyu, shi ake sayar wa mai garaje yau. Ga shawarwari ga mai wasan, da iyayen da kuɗin ke fita daga aljihunsu.

1. A mayar da dayamon naira kafin a taɓa shi. Da gangan masu wasan suke sa wa kuɗinsu wani suna, domin ciwon fitar da naira 5,000 ya fi ciwon fitar da dayamon 300, ko da abu ɗaya ne. Farashin yawancinsu a kan dala aka gina shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Rigar jarumin da ke cikin wasa ba ta canja ba, kuɗinta ne ya ninka sau uku. Kafin a danna "saya", a tambayi kai: mudu nawa na shinkafa wannan zai auno a kasuwar Samaru? Kwana nawa zai kai yaro makaranta a Keke Napep?

2. A yanke kason wata tun kafin a buɗe wasan. Mai gida da yaronsa, ko ɗalibi da kansa, su tsayar da adadi guda, a rubuta shi. Idan ya ƙare ranar 10 ga wata, to sai wata mai kamawa. Kada kuɗin wasa ya kwana a asusu ɗaya da kuɗin cefane ko na rajistar makaranta. Wanda ke da asusu na biyu a OPay ko PalmPay ya zuba kason a can kaɗai. Bashi kuwa, ko na aboki ne ko na manhajar ba da rance, ba a cinsa don gem.

3. A san lissafin akwatin sa'a. Japanawa suna kiran wannan tsari gaca, kuma kunnen Bahaushe bai yi kuskure ba in ya ji shi kusa da caca: ka biya, a juya, abin da ya faɗo shi ne rabonka. A Genshin Impact, juyi ɗaya Primogem 160 ne, damar samun jarumi mai tauraro biyar kuma 6 ce cikin 1,000 a kowane juyi na farko-farko. Wasan ya yi alkawarin ba ka shi a juyi na 90 in sa'a ta ƙi, wato bayan Primogem 14,400. Wanda zai sayi wannan da kuɗi tsaba zai kashe kusan dala 180, kimanin naira 270,000 a canjin 1,500. Bayan haka ma rabi da rabi ne ko wanda ya fito shi ne wanda ake talla. In ba shi ba ne, sai a sake ƙirga wani 90 ɗin. Tun 2017 Apple ya wajabta wa masu wasanni su bayyana wannan lissafi, Google Play ya bi sahu a 2019, saboda haka yana nan a rubuce cikin wasan, sai dai da ƙananan baƙaƙe. A karanta shi. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki wasu akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca tun 2018. Gidan da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai maganar gaban malaminsa.

4. In za a kashe, a kashe a kan abin da zai daɗe yana aiki. Tsofaffin 'yan Clash of Clans sun san wannan darasi: duk lu'ulu'un da aka tsinta a tara shi a sayi magini. Na uku 500 ne, na huɗu 1,000, na biyar 2,000, kuma kowane magini zai yi ta aiki muddin ana wasan. Wanda ya ƙona 500 ɗin don gini ya kammala da wuri, gobe zai tashi hannu wofi. Haka tikitin wata yake. A Genshin, dala 5 tana sayen lu'ulu'u 300 da 'yar gyara in an saya kai tsaye, amma dala 5 ɗin nan a tikitin wata tana ba da 300 nan take, sannan 90 kullum har kwana 30, jimla 3,000. Sharaɗin shi ne a shiga kullum, ranar da aka tsallake ta tafi da rabonta.

5. Kada a sayi abin da barci ke bayarwa kyauta. Kusan duk wasan jarumai yana da ma'aunin kuzari da ke ƙarewa, sai a ce ka jira ko ka biya. A Genshin ɗigo ɗaya yana dawowa duk minti 8. Guda 60 da ake sayarwa da Primogem awa 8 ne kacal, barcin dare ɗaya ke nan. Ma'aunin kuma ba ya cika sai bayan fiye da awa 24, don haka shiga sau ɗaya a rana ta wadatar. A yi ayyukan kullum, waɗanda ke ba da Primogem 60 cikin 'yan mintoci, a ƙona kuzarin ranar, a rufe. Sannu ba ta hana zuwa.

6. A gina jarumai kaɗan, a gina su sosai. Kuskuren sabon shiga shi ne raba kayan haɓaka ga duk jarumin da ya samu, ya wayi gari da goma sha biyar, babu ɗaya da zai iya kayar da dodon mataki na gaba. A zaɓi huɗu ko biyar da suka dace da juna: mai duka, mai kāre 'yan uwa, mai warkarwa, mai ƙara musu ƙarfi. Sauran su jira. Agogon da ke ƙirga "saura kwana 2" kuma kada ya tsorata kowa. Yawancin jaruman da ake cewa na ɗan lokaci ne sukan dawo bayan wasu watanni, wanda ya tara zai same su ba tare da ya taɓa aljihu ba.

7. A kulle ƙofar biya a wayar da yara ke taɓawa. Sau da yawa wayar uwar gida ce ke yawo hannun yara bayan Islamiyya, katin banki kuma yana maƙale a Play Store. A shiga saituna a sa a riƙa neman lambar sirri ko zanen yatsa a kowane ciniki, ko a cire katin gaba ɗaya. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba iyaye ikon amincewa da saye da ƙayyade awannin wasa. In ɓarna ta riga ta faru, a nemi a dawo da kuɗin ta Google Play cikin awa 48, lokacin da buƙatar ta fi saurin karɓuwa. Matsalar ba ta gidajenmu kaɗai ba ce. A Amurka, a Disambar 2022, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 245 don mayar wa waɗanda aka caje su a kan abin da ba su nufa ba. A Janairun 2025 masu Genshin suka amince da biyan dala miliyan 20, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a sai da izinin iyaye.

8. A yi hattara da "dayamon kyauta". Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk shafin da ya ce ka sa sunanka da lambar sirrinka zai cika maka asusu, ɓarawo ne. Dillalin gaskiya lambar ɗan wasa kaɗai yake buƙata. Wanda ya nemi lambar sirrin Facebook ko Gmail, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, a yanke hulɗa da shi nan take. Sayen tsohon asusu ko sauke wasan da aka yi wa kutse shi ma asara ne, domin ranar da kamfanin ya gano zai rufe asusun da duk abin da aka zuba a ciki.

9. A sa data, caji da lokaci cikin lissafi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sabunta wasa mai nauyin gigabait da yawa ya zama ciniki mai zaman kansa. A bari sai an samu Wi-Fi ko datar dare. Kada a yi wasa waya na jikin caji, musamman a zafin Maris da Afrilu, don zafi ke kashe batir. A kuma sa wa wasan lokacinsa: bayan an yi sallah, an gama aikin gida da karatu. Yaron da ya fara ƙarya a kan kuɗi, ko barcinsa da jarrabawarsa suka lalace, zama ake yi da shi a yi magana, domin ƙwace waya kaɗai ba ya raba shi da abin.

Duk jarumin da aka saya, a kwamfutocin kamfani yake zaune, ranar da suka rufe wasan ya tafi, ba a gadonsa, ba a kai shi kasuwar Sabon Gari a sayar. Iyaye, ku zauna da yaranku yau ku ce su nuna muku kantin da ke cikin wasan, ku yi lissafin tare da naira.