Koyar da Yara Faransanci a Makarantun Firamare na Maiduguri

Jihar Barno ita kaɗai ce a Nijeriya ta yi iyaka da ƙasashe uku, watau Nijar da Cadi da Kamaru, kuma dukansu ana aikin ofis da Faransanci. Direban da ya tashi daga Maiduguri ya bi ta Dikwa zuwa Gamboru Ngala, da zarar ya ƙetare gada ya shiga Fotokol, takardun da za a miƙo masa da wannan harshe aka rubuta su. Haka kuma ma'aikacin da aka tura Hukumar Tafkin Cadi, wadda aka kafa a 1964, hedkwatarta tana Injamena. Saboda haka Faransanci a Maiduguri harshen maƙwabta ne.

A 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 2004 ta sa shi cikin darussan firamare. An tsara a fara shi daga aji huɗu.

To, yaya za a koyar? Lalle ne kunne ya riga ido. Rubutun Faransanci yana cike da baƙaƙen da ba a furtawa, in aka fara da allo sai yaro ya karanta su duka kamar Hausa, gyara kuwa ya yi wuya. Malami ya fara da gaisuwa, da ƙidaya, da sunayen kayan aji, yara suna maimaitawa. Daga nan a yi wasan ciniki, wannan mai tumatir, wancan mai saye, ana taya kaya da sefa. Ƙidayar tana bukatar haƙuri, domin tamanin a wurinsu ashirin huɗu ce.

Yaron da ya ji Hausa yana da wata sa'a da ba a cika lura da ita ba. Ya riga ya san suna yana zama namiji ko mace, abin da babu a Turanci ko Barbarci. Sai dai a gargaɗe shi kada ya auna da Hausa: rana mace ce a wurinsa, wata namiji, amma a Faransanci akasin haka ne. Dabarar ita ce kada a koya masa suna shi kaɗai, sai tare da "le" ko "la" ɗinsa.

Babbar matsala ita ce ƙarancin malamai. Darasi yakan kasance a jadawali, mai koyarwa babu. Gwamnatin Tarayya ta buɗe Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagiri, Jihar Legas, a 1991, inda ɗalibai da malamai ke zama su goge bakinsu. Iyaye suna da ikon tambayar hedimasta wa ke koyar da darasin, kuma sau nawa a mako, su kuma kai maganar taron iyaye da malamai.