Bizit ɗin mota da haɗarin hanya

Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, gudron ba ya hutawa. Manyan motoci na fitowa daga Malbaza da siminti, wasu daga Galmi da albasa. Mutanen Illela da Badagishiri kuma suna gangarowa ta Tsarnawa.

Doka ta ce a riƙa kai mota bizit. Can ake duba birki, tayoyi, fitilu da sitiyari. In lafiyarsu lau, sai a ba mai mota takarda. Ita ce jandarma ke tambaya bisa hanya.

Wannan dubawa tana hana haɗari. Tsohuwar taya tana fashewa cikin zafin bazara. Mota mai fitila ɗaya kuwa, da dare mai babur yana tsammanin babur ce, har ya shiga gabanta.

Amma takarda shaidar ranar dubawa ce kaɗai. Kaya masu nauyi suna cinye birki da wuri. Waɗansu ma, abin kunya, aron tayoyi suke yi su tafi bizit, da marece su maida wa mai su.

Don haka direban kirki ke kewaya motarsa kowace safiya. Ya taka birki, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya kunna fitilu, kafin karen mota ya fara lodi.