Darasi na Bakwai: Ziyarar Gani da Ido Zuwa Abuja

Gabatarwa

Ziyarar gani da ido dabara ce ta koyarwa wadda malami kan fitar da ɗalibai daga aji domin su ga abin da suka karanta. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Sai dai ziyarar da ba a tsara ba ɓarnar kuɗin iyaye ce, domin ɗalibai kan dawo da hotuna da gajiya kawai. Wannan darasi zai ɗauki Abuja a matsayin misali.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin Nijeriya daga Legas, aka tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Sunan ya samo asali ne daga Abu Ja, na zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, wanda ya kafa garinsa a 1828. Garin nan ne ake kira Suleja a yau.

Wuraren Ziyara

1. Dutsen Zuma: yana kusa da Madalla a Jihar Neja, hotonsa ne a takardar naira 100. Ya dace da rubutun siffantawa.
2. Majalisar Dokoki ta Tarayya: tana gindin Dutsen Aso, kusa da Fadar Shugaban Ƙasa da Kotun Ƙoli. A nan za a tattara kalmomin mulki, kamar ƙuduri da mazaɓa da rinjaye.
3. Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa: suna kusa da juna a tsakiyar birni, abin da zai buɗe tattaunawa kan zaman tare.
4. Ushafa: ƙauyen magina tukwane. A tuna wa ɗalibai da Ladi Kwali, maginiyar da ke jikin naira 20.

Aikin Malami

Kafin tafiya, malami ya nemi izinin iyaye da na wuraren a rubuce, ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da tambayoyinsa. A can kuwa, ya ƙirga su duk lokacin hawa da sauka daga mota. Bayan dawowa, kowa ya rubuta rahoto, a gyara a aji. Da wannan rahoto ake auna nasarar ziyarar.

Auna Fahimta

1. Bayyana dangantakar Abuja da Zazzau.
2. Tsara tambayoyi 5 da ɗalibanka za su yi wa maginiyar tukwane.