Martanin 'Yan Kallo a Wasan Kwaikwayo Mai Jigon Cin Zarafin Mata

3.1 Gabatarwa

Wasan kwaikwayo ba ya kammala a kan takarda. Sai an aiwatar da shi a dandamali, 'yan kallo sun yi dariya ko tsaki ko shiru, sannan ma'anarsa take fitowa fili. Wannan darasi zai duba yadda 'yan kallo suke karɓar wasan da aka gina bisa ra'in matantaka, wato wanda yake bayyana zaluncin da ake yi wa mace, musamman idan mai zaluncin yana sanye da rigar addini.

3.2 Abin da Bahaushe Ya Saba Gani

Kuskure ne a ɗauka cewa Bahaushe ba ya jure ganin malami ko maigida a matsayin abin suka. A tashen watan azumi yara suna yin wasan Ka Yi Rawa, inda ake tuhumar malami da taka rawa yana musantawa, jama'a kuma su yi dariya su ba da sadaka. A wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada an nuna yadda Hayatu yake gallaza wa matarsa Halima har magana ta kai gaban alƙali, kuma an daɗe ana karantar da shi a makarantu. To, me ya sa wasu ayyukan suke tayar da ƙura?

A ganinmu dalilin yana ga bakin da maganar ta fito. Malamin tashe abin raha ne. Hayatu kuwa ɗan iskan gari ne, kowa yana iya nesanta kansa da shi. Amma a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 aka kuma mayar da shi fim a 1998, Alhaji Abdu mutumin kirki ne a idon jama'a, sai ga shi ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya. Mace ce ta rubuta, kuma ta idon Rabi ake ganin komai. A nan mai kallo ba shi da maɓoya, domin wanda ake nunawa yana iya zama maƙwabcinsa, ko shi kansa. Daga nan ne ake jin ƙorafin da aka saba ji, wai an tona asirin gida, ko an taɓa addini, alhali Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yi umarni da a zauna da mata da kyautatawa. Sukar azzalumi daban, sukar addinin da ya fake da shi daban, sai dai cikin zafin kallo ba kowa yake rarrabewa ba.

Masu shirya fim a wasu ƙasashe ma sun yi karo da wannan matsala. Fim ɗin Women Talking na Sarah Polley (2022) ya samo tushe daga fyaɗen da aka yi wa matan wata al'ummar Kirista 'yan ɗarikar Menonayit a Bolibiya. Ba a nuna aika-aikar kanta ba. An bar matan suna muhawara kan zaɓi uku: su yi shiru, su tsaya su yi faɗa, ko su bar garin, kuma da hujjojin addininsu suke muhawarar.

3.3 Abin Lura ga Ɗalibi Malami

Wanda aka tura koyarwar gwaji a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya sani cewa iyaye a yankin suna ɗari-ɗari da makaranta, musamman tun sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Wasa guda da aka yi wa mummunar fahimta ya isa a cire yarinya daga aji. Saboda haka a nuna wa shugaban makaranta da malamin addini rubutun tun kafin gwaji, a kuma sa wani tauraro mai ilimi a cikin wasan wanda zai ƙalubalanci azzalumin da hujja. Bayan wasa a buɗe tattaunawa, kamar yadda 'yan wasan Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa yi a ƙauyuka irin su Maska.

Kada a auna nasara da tafi. Dariyar samari a fitowar da ake dukan mace sau da yawa kunya ce ta sa su. Yarinyar da ta sunkuyar da kai ta ƙi cewa uffan kuwa, malami ya nemi malama mace ta gana da ita a keɓe.

Jinga

1. Kwatanta Hayatu da Alhaji Abdu ta fuskar yadda mai kallo yake ɗaukar kowannensu.
2. Tsara fitowa guda da za ta nuna an ci zarafin mace ba tare da an nuna duka a dandamali ba.