Darasi na Tara: Ziyara Zuwa Bakin Teku

Wata ranar Asabar cikin watan Disamba, ɗaliban wata makaranta da ke zangon Nima a birnin Akara suka tafi garin Ada tare da malaminsu na kimiyya. Ada tana gabas da Akara, tafiyar kilomita kusan 100, daidai inda kogin Volta yake shiga teku.

Da isarsu suka shiga kwalekwale. Malam ya nuna musu wasu bishiyoyi da ake kira mangurob, waɗanda suke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a sama da taɓo. Ya ce a tsakanin saiwoyin nan ne ƙananan kifaye da kaguwa suke ɓuya har su girma. Su ne kuma suke riƙe ƙasa don kada ruwa ya cinye gaɓa.

Can gaba sai suka ga wani fili da aka sare bishiyoyin ƙaf, aka tara itacen don bandar kifi. Wata ɗaliba wadda mahaifiyarta take sayar da busasshen kifi ta ce, "Malam, in an hana sara, da me za a yi banda?"

Malam ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Amma in bishiyar ta ƙare, kifin ma zai ragu. Shi ya sa wanda ya sare ya kamata ya dasa."

Bayan la'asar suka sauka a rairayin gaɓa, inda wani ma'aikacin gandun daji ya nuna musu sawun kunkurun teku. Ya bayyana cewa macen takan fito da dare ta haƙa rami, ta zuba ƙwai kimanin 100, ta rufe, ta koma ruwa. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe bayan wata biyu, idan karnuka da mutane ba su tone shi ba. Tun 1971 dokar Gana ta hana kashe wannan dabba.

Kafin su kama hanyar gida, kowane ɗalibi ya dasa mangurob guda a bakin ruwa.

Tambayoyi

1. A ina kogin Volta yake shiga teku?
2. Wane amfani mangurob yake yi wa kifi?
3. Me ya damu ɗalibar, kuma wace amsa Malam ya ba ta?